Asabar Ɗin da Aka Ce Ni Zan Fara

Shekara talatin da ɗaya na yi ina busar da furen hof a wata gona a bayan garin Motueka, furen nan da ke ba giya ɗaci da ƙamshi. A duk shekarun ba agogo ne yake gaya mini ya bushe ba. Nakan shiga ɗakin busarwa in ɗebo cikin hannu, in murza, in shinshina, in ce a kashe wuta ko a ƙara minti ashirin. Daga nan aka sa mini Hanci. Sunana Lindsay, amma ban da matata Raewyn da likita babu mai kirana da shi.

Da na ajiye aiki sai sunan ya bi ni garejin Dougal. Mu huɗu ne, mukan haɗu Asabar ɗaya mu huta ɗaya, da ƙarfe uku na rana. Kowa ya zo da abin da yake sha a makon, ko wadda ya dafa da hannunsa ko wadda ya sayo a wurin ƙananan masu dafawa na yankinmu, a zuba a ƙananan kofuna, a kurɓa, a yi gardama. Dougal tsohon malamin makaranta ne, Malam muke ce masa, kuma yana da littafin da yake rubuta duk abin da aka sha da abin da aka faɗa a kai. Vili mutumin ƙasar Tonga ne, shi ke kula da ma'aikata a wata gonar tuffa, ƙato ne amma maganarsa ba ta da yawa. Sai Pania, ma'aikaciyar jinya, ita ce ƙaramarmu ko da yake ita ma ta haye arba'in. Uwarta ƙawar Raewyn ce, tun tana rarrafe na san ta, shi ya sa take ce mini Kawu.

Akwai wata doka da ba wanda ya kafa ta: kowa zai faɗi abin da ya ji, ni ne na ƙarshe. In na yi magana Malam ya rubuta, ya ja layi a ƙarƙashi, a wuce kwalba ta gaba. Shekara tara muna haka.

A watan Yuli, tsakiyar sanyi a wurinmu, mura ta kwantar da ni kwana goma. Na tashi, tari ya tafi, majina ta tsaya. Wata safiya ina tsaye a kicin na sa burodi a injin gasawa, ina kallon tsuntsaye ta taga, sai ga Raewyn ta fito daga wanka da gudu da tawul a ka. Kicin ya cika da hayaƙi, burodin ya zama gawayi, ni kuwa ina tsaye taku biyu daga wurin ban ji komai ba.

Likita ya ce yakan dawo, yakan kuma ƙi dawowa, sai dai a jira. Na jira. Bayan wata guda wani abu ya dawo, amma ba abin da ya tafi ba ne. Gahawa ta koma warin taya mai cin wuta. Sabulu ma haka, albasa haka, har gashin Raewyn in na matsa kusa. Harshe yana nan yana aikinsa, ina jin ɗaci da zaƙi da tsami, amma duk wanda ya san giya ya san rabonta mafi yawa a hanci yake.

"Ka gaya musu," in ji Raewyn.

"Zan gaya musu."

Ban gaya musu ba. Har yau ban gama sanin dalili ba. Ina jin dai na duba ne na ga in babu hancin ban san me zan riƙa kaiwa garejin ba, don giyar da nake dafawa ba wata ta a zo a gani ba ce, kuma ban iya ba da labari ba. Da yake ni ne na ƙarshe, abin bai yi wuya ba. In ɗaga kofi in duba launi da kumfa, in kurɓa in auna ɗaci, in saurari abin da ukun suka ce, in ɗauki na mutum ɗaya in ɗan gyara masa zama, in faɗa a hankali kamar mai dogon tunani. Malam ya ja layi. Zama huɗu na yi haka ba wanda ya ɗago.

Asabar ta biyu a watan Oktoba Pania ta shigo da kwalba biyu a jakar aikinta, ko zama ba ta yi ba ta fara magana.

"Yau ba hira na zo ba. Asabar mai zuwa za a buɗe dutsen kabarin Baba, kuma kun san na ce ni zan kawo abin sha."

Mun sani. Mahaifinta Henare ya rasu shekara guda ke nan, kuma a al'adarsu in an shekara dangi sukan taru a yaye lulluɓin dutsen da aka kafa a kan kabari. A shingen bayan gidansa akwai wata tsohuwar kurangar hof da ba wanda ya san irinta, shi ya dasa ta tun yana dafa giya, kafin ya bari shekara ashirin da wani abu da suka wuce. Pania ta tsinke furen a watan Maris, ni na busar mata da shi, lokacin hancina yana nan daram. Da shi ta dafa kwalba sittin don dangin da za su taru.

"Ranar Laraba na buɗe ɗaya," ta ce. "Warin asibiti na ji. Bandeji, filasta, irin wannan. To amma ban sani ba ko giyar ce ko ni ce. Awa goma sha biyu ina canza wa mutane bandeji, in na dawo gida wani lokaci har shayi haka yake mini."

Malam ya jera kofuna takwas a tire. Vili ma ya zo da tasa a ranar, launin zuma kamar ta Pania, cikin irin kwalbar, kuma babu takarda a jikin ko wacce. Malam ya zuba ta Pania a huɗu na dama, ta Vili a huɗu na hagu. Ni kuma na zo da gurasar cuku da Raewyn ta gasa, ba wurin ajiye farantin, sai Vili ya ɗauke tiren ya zagaya da shi ɗaya gefen teburin. Kowa ya miƙa hannu ya ɗauka.

"Kawu, yau kai za ka fara," in ji Pania.

"Ba haka muke yi ba."

"Na sani. In Malam ya fara zai cika mini kunne da sunayen garuruwan Beljiyam har in manta abin da nake ji. Kai nake so."

Na kai kofin hanci. Taya mai cin wuta, kamar kullum. Na juya shi, na sake kaiwa, na rufe ido. Suna tsaye suna kallona, Malam ya riga ya cire murfin biro. Abin da ya zo mini shi ne furen nan a tafin hannuna a watan Maris, yadda ya tashi da na murza shi.

"Ɓawon lemon tsami," na ce. "Da ɗanyar ciyawa a bayansa. Furen Henare ya fito sosai. Lafiyarta lau."

Kafaɗun Pania suka sauka. Ta yi murmushi, ta kai nata kofin hanci, murmushin ya tsaya a rabi.

Vili ya kurɓa, ya daɗe yana juya ta a baki. "Ni hayaƙi nake ji," ya ce. "Kamar an ƙona leda a nesa."

"Ba hayaƙi ba ne, kanumfari ne," in ji Malam. "Akwai masu dafa giya a Beljiyam da suke neman wannan ƙamshin da gangan."

"Ga shi nan, mun isa," in ji Pania.

"Ki bari in gama. Kanumfari a sama, amma lemon yana nan. Ina jin sa, can ƙasa." Ya sake shinshinawa, ya dube ni. "Can ƙasa sosai."

"To bandejin fa?"

"Wane bandeji? Aikinki ne ya biyo ki gida."

Vili bai daina kallon kofinsa ba. "Lemo kam tawa ce mai lemo," ya ce a hankali. "Ɓawon guda shida na zuba mata." Ya dubi tiren. "Malam, da na ɗauke tiren nan, na juya shi ko ban juya ba?"

"Ta Pania tana dama."

"Damarka ko damata? Kana can gefen ne lokacin da ka zuba."

Muka sunkuya a kan tiren. Kofi huɗu suka rage, uku a layi ɗaya, ɗaya a ɗayan layin. Malam ya ƙirga da bakin biro, ya sake ƙirgawa. Ke nan mutum uku suna shan giya ɗaya, mutum ɗaya yana shan wata daban, kuma babu wanda ya tuna daga inda ya ɗauka. Pania ta ce ita daga kusa da ita ta ɗauka. Vili ya ce shi ma daga kusa da ita ya ɗauka, don hannunsa ya fi tsawo.

Aka shiga musayar kofuna. Malam ya shinshina na Vili ya ce iri ɗaya ne da nasa. Vili ya shinshina na Malam ya ce ko kusa. Pania ta karɓi nawa ta ce nan ma akwai bandeji, ta karɓi na Vili ta ce nan babu, ta sake komawa ta ce a'a, akwai. Kafin minti biyar ba wanda ya san kofin da ya fara da shi.

"Vili, kai ka dafa taka, ba za ka gane ta ba?" in ji Malam.

"A gida ina gane ta."

Malam ya ɗauki kofi biyu ya danƙa mini, ɗaya a kowane hannu. "Hanci, raba mana gardama. Wacce ce wacce?"

Na ɗaga su wajen hasken ƙofa. Launi ɗaya, kumfa ɗaya.

"Sun ɗumama, an kuma jagwalgwala su," na ce. "A zubar, a buɗe ta biyu, ita kaɗai."

Kowa ya yarda wannan magana ce ta hankali. Malam ya ɗauraye kofuna huɗu, Pania ta buɗe ɗaya kwalbar da kanta, ta zuba da kanta, ta miƙa wa kowa a hannu. Ta sake tsayawa tana kallona.

Na zauna a kujerar roba, na tura hanci cikin kofin, na fara. Na ce yanzu ne ta fito da kyau. Na ce lemon ya ja baya kaɗan, ciyawar ta matso gaba, kuma akwai wani abu mai ɗan yaji a ƙarshe wanda wataƙila shi Malam yake kira kanumfari. Ina cikin jin daɗin yadda maganar take tafiya, sai na lura ba wanda yake saurarona. Malam ya toshe hanci da littafinsa. Vili ya ja da baya har ya bugi keken da ke jingine. Pania ta ja wuyan rigarta ta rufe baki.

Karen Vili ne, wanda yakan jira shi a bayan mota. Ya sauka ya tafi bakin ruwa ya yi birgima a kan wani mataccen abu, ya dawo jiƙe da taɓo, ya shigo ya kwanta a ƙarƙashin kujerata, kansa a kan takalmina. Ban san tun yaushe yake wurin ba.

Vili ya kama shi a wuya ya ja shi waje yana yi masa faɗa da yarensu. Malam ya ɗage ƙofar garejin har sama. Pania ba ta motsa ba. Ta sauke rigar daga bakinta tana dubana irin duban da take yi wa marasa lafiya.

"Kawu, ba ka ji komai ba?"

Na buɗe baki in ce mura ce take neman dawowa. Sai na ga na gaji.

"Tun Yuli," na ce.

Na gaya musu duka, burodin da likitan da tayar. Vili ya dawo yana goge hannu a wando, ya tsaya a bakin ƙofa ya ji ƙarshen. Malam ya buɗe littafinsa yana komawa baya shafi shafi, yana bin layukan da ya ja da yatsa.

"Baƙar giyata ta watan Agusta," ya ce. "Ka ce ta yi ƙauri. Lita ashirin na zuba wa bishiyar lemo."

"Kai ka fara cewa ta yi ƙauri, Malam. Maimaitawa kawai na yi."

"Na faɗa ne don na ga ka yatsine fuska."

"Na yatsine fuska ne don komai warin taya yake mini."

Ya zauna a kan akwatin kwalabe. "To ta yi ƙaurin ko ba ta yi ba?"

"Ni ta yi mini daɗi," in ji Vili.

"Me ya hana ka faɗa?"

"Hanci ya riga ya yi magana."

Na ce su yafe mini, na ce wa Pania ita musamman. Ta ɗaga hannu ta tsayar da ni. Ba fushi ne a fuskarta ba, kamar dai wadda ta sauka daga mota ta ga ba garin da ta nufa ba ne.

"Za mu yi wannan maganar, Kawu, har da ta likitan da ya ce ka zauna ka jira. Amma yanzu ina da kwalba kusan sittin da kwana bakwai. Ku biyun nan, ku gaya mini gaskiya. Ku manta da lemo."

Suka sake ɗaukar kofuna. Ban taɓa ganin mutane suna shinshina giya da tsoro irin na ranar ba. Malam ya ce kanumfari, ya ce amma yanzu da aka ambaci bandeji ya kasa daina jin bandeji. Vili ya ce hayaƙin yana nan, sai dai bai sani ba ko karen ne bai gama fita daga hancinsa ba. Pania ta ce ita yanzu ba ta jin komai sam, hancinta ya gaji.

"Ta lalace ko ba ta lalace ba?"

"Ya danganta da abin da kika nufa da ita," in ji Malam.

"Na nufa a sha."

Da Raewyn ta zo ɗaukata da ƙarfe biyar ba a yanke komai ba. Malam ya rubuta kwanan wata da sunan giyar, ya bar sauran shafin fari. Pania ta ce za ta sayi ta kanti kawai, tata kuma za ta san yadda za ta yi da ita.

Ranar buɗe dutsen an yi rana mai kyau. Daga maƙabarta aka wuce gidan Henare, inda ƙanen Pania, Matiu, yake zaune yanzu. Tun asuba maza suka binne nama da dankali da kabewa a rami kan duwatsu masu zafi, da muka iso ana tone shi, tururi yana tashi, mutane suna ta cewa ƙamshin ya kai har bakin titi. Na gyaɗa kai tare da kowa. Ni da Vili muka taya jera kujeru, Malam yana yanka burodi.

Pania ta sayo ta kantin, an zuba ta a baho da ƙanƙara. Tata kuwa ashe ta kawo ta, ta ce ta kasa barinta a gida kuma ta kasa zubarwa, sai ta tura akwatunan bayan rumfar itace ta rufe da buhu. Matiu ya je ɗebo itace ya gan su. Bai tambayi kowa ba, ya kinkimo akwati ɗaya ya dire a tsakiyar fili, ya ce ga wadda 'yar'uwarsa ta dafa da furen Baba. Kafin Pania ta fito daga kicin an buɗe goma.

Na ga fuskoki suna canzawa. Wani ya kurɓa ya dubi kwalbar, ya dubi na kusa da shi. Wata ta ajiye tata a ƙarƙashin kujera a hankali. Pania ta tsaya a bakin ƙofa da faranti a hannu, ta kasa gaba ta kasa baya.

A ƙarƙashin bishiyar da ke tsakar gidan Goggo Huia take zaune, yayar Henare, ta haura tamanin, da bargo a gwiwa. Ta ce a ba ta ta gani. Matiu ya zuba mata kaɗan a kofin shayi. Ta kai hanci, ta tsaya. Ta kurɓa, ta runtse ido, ta ajiye kofin a cinya, kafaɗunta suka fara rawa. Na ɗauka kuka take, kuma da kukan a ciki, amma dariya ta fi yawa.

"Pania, zo nan. Wa ya koya miki maganin tarin Henare?"

"Maganin tari, Goggo?"

"Haka muke ce mata a bayan idonsa. Ita ce wannan, ba abin da ya ragu." Ta ɗaga murya ta kira wani tsoho da ke can wajen rami. "Rewi, zo ka sha, ka gaya mini wa ka tuna."

Tsohon ya zo ya kurɓa, ya yi tari, ya goge ido da bayan hannu. Ya ce Kirsimetin shekarar da ruwa ya tafi da gada, Henare ya tsare su a wannan filin sai da kowa ya sha kwalba biyu. Nan take tsofaffin suka taso. Wadda ta ɓoye tata a ƙarƙashin kujera ta sunkuya ta ɗauko. Kowa ya kurɓa sai ya ɓata fuska ya kawo labari.

Pania ta durƙusa kusa da kujerar. "Goggo, ke nan ba ta lalace ba?"

"Ta lalace mana. Tasa ma a lalace take. Shekara nawa muna sha ba wanda ya iya gaya masa, don in ya miƙo maka kwalba sai ya tsaya yana kallon bakinka."

"To me ya sa ya daina?"

"Uwarki ce ta ɓoye bokitin da yake dafawa a ciki."

Pania ta ɗago kai. "Rawaya? Mai murfi?"

"Shi."

"A saman silin na same shi. A ciki na dafa."

Malam, wanda ya matso da wuƙar burodi a hannu, ya ce to ai magana ta ƙare, bokitin ne, tsohuwar roba takan riƙe abin da ba wanki da zai fitar. Vili ya ce shekara ashirin a silin ba abin da zai rayu a ciki, furen ne, kurangar ce take da wannan halin. Goggo Huia ta ce duk ba su sani ba, ruwan tankin gidan ne, shayinsa ma haka yake. Pania ta ce ai ba a nan ta dafa ba, a gidanta ta dafa da ruwan famfo. Goggo ta ce to ita dai ta faɗi abin da ta sani.

Can ta hango ni a tsaye da kwalba a hannu. "Kai ne na Raewyn, wanda suke ce wa Hanci? Me ka ce?"

Pania ta dube ni. Malam ma.

"Goggo, sanyi na ji, da ɗaci," na ce. "Sauran sai dai ki gaya mini. Hancin ya daina aiki."

"Ka huta," ta ce. Ta sa Matiu ya jawo mini kujera kusa da ita. Ta ce in zauna ta gaya mini, sai ta fara da wani akwatin magani na ƙarfe da uwarsu take ajiyewa a saman kabad, daga nan ta wuce kan yadda Henare ya faɗo daga kan doki yana ɗan shekara tara, daga nan kuma kan wata mata da ya so aura kafin uwar Pania. Ba ta sake komawa kan giyar ba. Na zauna fiye da awa ɗaya ina saurare, ina kurɓa. Kafin la'asar kwalaben Pania duka sun ƙare, ta kanti kuwa rabinta yana nan cikin ruwan ƙanƙara. Matiu yana ta bin Pania yana cewa sai ta sake dafawa don Kirsimeti, a bokitin nan, kada ta canza komai. Ita kuma tana ce masa ba ta san abin da ta yi ba balle ta san abin da ba za ta canza ba.

Raewyn ce ta tuƙa mu gida, don ita ba ta sha. Mun wuce gonakin tuffa, duk sun yi fure fari fat, ta ce in sauke gilashi, rigata ta ɗauki hayaƙin rami da giyar nan.

Na sauke. "Wai ke, tsakani da Allah, warin me giyar Pania take yi?"

"Giya," ta ce. "Ni duk ɗaya suke mini."

Ta rage gudu a bayan wata tarakta, muka bi ta a hankali har kwanar gidanmu.